Malam Mai Gatari

A gidanmu ba a sa hannu a nama kafin Yaya. Haka muka tashi a Zariya. In an yanka kaza Inna ta juye naman a faranti ɗaya, Yaya ya fara ɗauka, sai ni, sai Auta ya kwashe abin da ya rage, yawanci wuya da ƙafafu. Ba mu taɓa ganin zalunci a ciki ba. Mahaifinmu ya rasu Auta yana goye, Yaya kuwa ya ajiye makaranta ya shiga kasuwa don mu biyun mu yi karatu. Wanda ya sayo kazar ai shi ya kamata ya ci cinya.

Abuja ta kwaso mu ɗaya bayan ɗaya. Yaya ya buɗe shagon kayan wutar lantarki a Mararaba. Ni aure da aikin gwamnati suka ajiye ni a hanyar Jiwa, inda in na leƙa ta tagar kicin gonakin masara nake gani. Auta kuma ya sami aiki a wani sito a Idu. Lokacin da Inna take raye a ɗakinta muke haɗuwa, a gidan Yaya. Da ta rasu sai muka koma 'yan'uwan waya. Ka kira mutum ya ce yana hanya, ya kira ka kana cikin cunkoson Nyanya kana faɗa da mai tasi. An ce zumunta a ƙafa take, to ƙafar ce ta yi mana nauyi. Abin yana ci mini rai, don na ga yadda gidaje ke watsewa ba tare da an yi faɗa ba.

Auta ne ya kawo maganin, ba da niyya ba. Ya sayo na'urar gem, unguwarsu kuwa wuta sai ta ga dama take zuwa, ni gidana akwai sola. Sai ya zo ya dasa ta a falona ya ce ajiya ce. Kowace Lahadi ya zo duba ajiyarsa, ya cinye mini abinci, har ya koya mini riƙe hannun gem ɗin, wato abin da ake latsawa. Wata Lahadi Yaya ya zo gyara mini soket ɗin firij ya same mu a zaune a kan kafet muna ta kokawa da talabijin.

Ya tsaya da sukundireba a hannu ya dubi Auta. "Ƙato da kai, da gemunka, kana wasan yara. Ke kuma uwar 'ya'ya."

Ya gyara soket ɗin, ya ce bari ya ɗan huta kafin ya kama hanya. Ya zauna a hannun kujera yana kallo yana tsaki. Can sai ya fara ba da umarni: bi ta hagu, ga wani a bayanki, kai ba ka da ido ne? Auta ya miƙa masa hannun gem na uku, Yaya ya karɓa. Ranar sai da ya yi la'asar a gidana.

Wasan na mutum uku ne, ana shiga wata duniya mai dazuzzuka da koguna ana yaƙi da dodanni, kowa ya zaɓi mutumin da zai zama. Ni na ɗauki wata maharbiya, don tana da irin ɗaure fuskata. Auta ya ɗauki jarumi mai damtse. Yaya ya duba sauran ɗaya bayan ɗaya kamar mai zaɓen rago. Akwai wani ƙaƙƙarfa da ba riga a jikinsa, ya ce ba zai shiga mutane tsirara ba. Akwai ɓarawo mai wuƙaƙe biyu, ya ce Allah ya kiyaye. Sai ga wani dattijo mai doguwar riga da farin gemu, da littafi rataye a ƙugunsa.

"Wannan," in ji Yaya.

"Yaya, wannan matsafi ne fa," in ji Auta. "Sihiri yake yi."

"Matsafi a ina? Ba ka ga littafi ba? Malami ne."

Daga ranar sunansa Malam, kuma ba wanda ya sake furta kalmar matsafi a falona.

Ga wanda bai san irin wannan wasan ba, kowane mutum a cikinsa an gina shi ne don aiki guda. Jarumi ƙarfinsa a hannu yake, shi ake ba takobi ko gatari ya shiga gaba ya sha duka a madadin kowa. Mai sihiri kuwa jikinsa ba ƙwari, mari biyu sun ishe shi, amma yana jefa wuta da ƙanƙara daga nesa. Akwai wani shuɗin layi a kan allo da ke raguwa duk lokacin da ya yi jifa, mu muka sa masa suna fetur. Makaminsa ba na duka ba ne, na ƙara wa wutar ƙarfi ne da tsimin fetur: doguwar sanda, ko 'yar tsumagiya, ko littafi, ko wani ƙwallon gilashi. In ka ba shi gatari, nauyin ya hana shi gudu, wutar tasa ta koma kamar ta ashana.

Duk wannan ni da Auta mun san shi. Amma ranar da muka kashe dodonmu na farko, wani akwati ya buɗe makamai suka zubo ƙasa: gatari mai baki biyu da ya kusa tsawon mutum, da baka, da doguwar sanda mai shuɗin dutse a kai. Ba mu yi shawara ba, ba mu ma dubi juna ba. Kawai sai na ga maharbiyata ta ja da baya, jarumin Auta ma ya ja da baya. Hannuwanmu ne suka yi abin da suka saba yi a gaban faranti. Yaya ya matso ya ɗauki gatarin, don shi ne tsoka mafi girma. Na ɗauki baka, nawa ya yi daidai. Auta ya kwashe ragowa, wato sandar Malam.

Haka muka ci gaba har aka yi nisa. Duk akwatin da ya buɗe, Yaya ya fara. In takobi ne ya fi girma ya ɗauka, in guduma ce ya ɗauka, amma gatarin nan shi ne abin ƙaunarsa. Malam yana jan sa a ƙasa don ba ya iya ɗaga shi sosai, riga tana kaɗawa, shi ne kullum a gaba. Jarumi mai damtse yana biye yana kwaɗa wa dodanni sanda kamar makiyayi. Akwai lokacin da ragowar ta zama 'yar tsumagiya, sai ga ƙaton jarumi yana tsokanar kura da abin da bai fi tsinken tsire ba. Na yi dariya har na kwanta a kafet, maigidana ya leƙo daga ɗaki ya ga lafiya.

Kuma abin yana tafiya, don dodannin farko ba su da ƙarfi. Malam ya faɗi, mu tashe shi, ya sake rugawa. Yaya yana dariya irin wadda ban ji ba tun rasuwar Inna, mai sa shi bugun cinya yana tari. Mutumin da a da sai na roƙe shi kafin ya tako gidana, yanzu tun ban sauke tukunya ba zan ji ƙarar motarsa. Ya zo da balangu a takarda, wani lokaci rake. In an kira azahar ya ajiye hannun gem ya ce Malam ya jira, ya ja mu salla, a ci abinci, a koma fagen fama. Ranar Litinin a ofis sai in kama kaina ina murmushi ni kaɗai. Na sami 'yan'uwana, ban damu ba ko da gatari ne aka kawo mini su.

Sai muka iso gada.

A tsakiyar gadar akwai wani dodo da aka yi jikinsa da dutse. Ƙarfe ba ya cin sa, kibiyoyina tsalle suke yi su faɗa ruwa. Dabarar ita ce mai sihiri ya tsaya daga nesa ya gasa shi da wuta har jikinsa ya yi ja ya tsage, sannan jarumi ya sara a tsagar. Mu kuwa mai wutarmu yana riƙe da gatari, mai saranmu yana riƙe da sanda. Da an fara sai Malam ya ruga gaba, dodo ya ɗaga hannu sau ɗaya, Malam ya kwanta. Daga nan dodon ya bi ta kanmu. Mu sake, haka. Lahadi ta zagayo, haka. Dariyar ta fara ja da baya, balangun ma aka daina cinye shi.

Auta ya biyo ni kicin ya rufe ƙofa. "Anti, ki gaya masa."

"Kai ka gaya masa. Na'urar wa?"

"Ke ce mai baki a gidan nan."

"Bakina bai kai nan ba."

Ya san dalili. Na taɓa ce wa Yaya ya ɓata hanya a wani shataletale a Wuse, a gaban maigidana, kuma gaskiyata ce. Sai da Salla ta zo kafin ya sake ɗaukar wayata. Yaya mutum ne da zai cire rigarsa ya ba ka, amma kada ka ce masa rigar a juye take. Auta ya ce shi dai ya gaji, in haka za a yi ta yi gara ya kwashe ajiyarsa ya koma Idu ya buga shi kaɗai. Na ce ya taɓa na'urar nan ya gani. A raina kuwa na tsorata. In aka faɗa wa Yaya zai daina zuwa, in ba a faɗa ba Auta zai daina, ni kuma in koma kallon gonakin masara.

Muka koma hannunka-mai-sanda. Na yi ta yabon sandar ina cewa dutsen kanta ya dace da launin rigar Malam. Yaya ya ce haka ne, tana da kyau, Auta ya yi sa'a. Auta ya yar da ita a gaban Malam kamar bisa kuskure ya yi gaba abinsa. Yaya ya tsince ta, ya bi shi har gindin wata bishiya ya mayar masa, ya haɗa da nasiha cewa mutum ya riƙa kula da kayansa. Na ce ko za mu yi musanya ne na yini ɗaya don nishaɗi. Ya ce ai kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Wanda ya fasa ƙwan baƙo ne. Auta yana da abokin aiki a sito, mutumin Filato, mai fara'a da son mutane. Wata Lahadi bayan an tashi daga coci ya biyo ya kawo mini dankalin Turawa da aka aiko masa daga gida. Ya gaisa da kowa, ya zauna, ya ɗaga kai ya dubi talabijin daidai lokacin da Malam ke jan gatari zuwa gada. Ya fashe da dariya har da tafi.

"Kai, wane ne ya ba wannan tsoho gatari? Oga, wannan ba ta faɗa da hannu fa, majik ne aikinta. Ka ba ƙanenka gatari, ka karɓi sanda. Sannan ka koma baya, oga. Baya ne wurinka, su ne za su shiga gaba."

Auta ya sunkuyar da kai yana duba yatsun ƙafarsa. Yaya ya yi murmushi, ya ce wa baƙon ya gode, ya ajiye hannun gem a hankali a kan tebur. Ya ce bari ya kama hanya kafin cunkoso, a ranar Lahadin da titi ke fayau. Na raka shi har mota, a gai da yara kawai ya ce mini.

Da na dawo baƙon ya tashi tsaye duk ya rikice. "Madam, na yi laifi ne?"

Na ce bai yi ba, kuma gaskiya na faɗa. Na zuba masa shinkafa na cika masa nama, don shi kaɗai ne a cikinmu ya faɗi abin da kowa ke gani.

Lahadin da ta biyo Yaya bai zo ba. Na dafa abincin da ya fi so, ya huce a kula. Ni da Auta muka kunna na'urar, muka ga Malam tsaye a bakin gada ba mai motsa shi, muka kashe. Na kira waya ya ce kaya ne suka iso masa daga Legas. Da aka sake zagayowa ya ce mura.

Ni ba na iya ajiye magana a ciki ta kwana da yawa. Ranar Asabar na shiga mota na sha cunkoson da nake gudu har Mararaba. Na same shi yana gwada wa wata mata ƙwan fitila, don Yaya ba ya sayar da ƙwai sai ya kunna shi a gaban mai saye. Ba alamar mura a tare da shi. Ya sa aka ba ni kujera, ya aika aka sayo mini kunun aya, ya yi ta tambayata yara da aiki da maigida, kamar ba kwanan nan muka yi waya ba.

Na ce, "Yaya, saboda gatari za ka yanke zumunci?"

"Wane gatari?"

"Ka san wanda nake nufi."

Ya ɗauki tsumma ya goge kanta da ba ƙura a kanta. Can ya ce, "Ke kina tsammani ban san sandar nan tawa ba ce? Tun ranar farko na sani. An rubuta a jikinta. Makaranta na bari, ba karatu na manta ba."

Na saki baki ina kallonsa. Duk wahalar da muka sha muna zagaye-zagaye, ashe mutumin yana kallonmu ne kawai.

"To me ya sa?"

"Ba ki ji abin da yaron nan ya ce ba? Wai in koma baya." Ya ajiye tsumman. "Tun ranar da aka binne Baba nake gabanku. Ranar da aka kai ki makarantar kwana ni na shiga gaba da akwatinki a ka. Da Auta ya zo garin nan neman aiki, ni na riƙa shiga ofisoshi kafin shi, in za a yi kora a fara da ni. Yanzu don na fara furfura sai in laɓe a bayanku, ana jibgarku, ni ina wurga wuta daga nesa kamar matsoraci? Gara a kashe ni sau dubu."

Da ina da hankali da na lallaɓa shi. Amma raina ne ya tashi, kuma in ya tashi ba ya neman izini.

"To ni ma bari in faɗa maka nawa. Kowace Lahadi kai kake fara faɗuwa. Ina tsaye da baka a hannu ina kallonka kwance a kan gada, ba abin da zan iya yi. Na ga an fita da Baba, na ga an fita da Inna. Kai kaɗai ka rage mana, kuma kullum sai ka mutu a falona kafin la'asar. Ni na gaji da ganin gawarka, ko ta talabijin ce."

Ban san zan yi kuka ba sai da hawaye suka zubo mini. Wani mutum da ya zo sayen wayar wuta ya tsaya a ƙofa ya rasa ko ya shigo ko ya koma. Yaya ya yi masa alama da hannu ya ɗan jira.

"Ke," in ji shi a hankali, "wasan yara ne fa."

"In wasan yara ne me ya hana ka zuwa?"

Ya dube ni, ya dubi rufin shago, sai dariya ta ƙwace masa. Ya ce tun ina ƙarama bakina ya fi ni girma. Bai yi mini alkawarin komai ba. Ya dai cusa mini ƙwan fitila biyu a jaka ya ce na barandata ya ga ya fara lumshewa.

Washegari ina yanka albasa na ji ƙarar motarsa. Na leƙa na tabbatar, sannan na kira Auta na ce ya hau ko mene ne ya zo.

Yaya bai yarda a nufi gada ba. Ya ce a koma ƙauyen da ke cikin wasan, inda akwai wani mutum-mutumi na ciyawa da ake gwada makami a kansa. Ya sa Auta ya zube duk ragowar da ya tara tun farko, ya ce ba a sayen kaya sai an gwada. Ya fara da tsumagiya. Tana da sauri, wuta na fita ɗaya bayan ɗaya, kuma tana barin hannu ɗaya a sake, amma ya ce irin ƙananan fitilun nan ne masu ƙyalli ba haske. Ya ɗauki littafi, ya ga fetur ba ya saurin ƙarewa, ya yaba da tsiminsa, sai dai wutar ba ta kai nesa. Ƙwallon gilashi ko taɓa shi bai yi ba.

"Wannan kam na bokaye ne," in ji shi. "Malam ba ruwansa."

Wata 'yar wuƙa ya soke a ƙugu, ya ce namiji ba ya tafiya haka nan. Sannan ya juya ga Auta ya gyara murya. "Ara mini sandar nan in gani. Riƙe mini gatarin. Aro ne, ka ji ko?"

"Na ji, Yaya."

Sandar hannu biyu take ci, kuma tana da nawa, sai Malam ya ɗaga ta sama ya juya kafin wuta ta fito. Amma da ta fito mutum-mutumin ya kama da wuta gaba ɗaya. Yaya ya gyaɗa kai kamar ya kunna babban ƙwai ya ga ya kawo. Yana cikin latse-latse sai ya taɓa wani maɓalli, wani farin haske ya tashi daga kan sandar ya je ya lulluɓe jarumin Auta.

"Wannan kuma mene ne?"

"Garkuwa ce, Yaya. In ka jefa wa mutum, duka ɗaya ko biyu ba za su taɓa shi ba."

Yaya ya ƙura wa hasken ido. "Wato daga nan baya ina iya tare masa duka?"

"Eh."

"To me ya hana ku faɗa tun farko?"

Ni da Auta muka dubi juna. Na buɗe baki, Auta ya taka mini ƙafa, na rufe.

Da muka isa gada Yaya ya tsayar da Malam a bakinta, shi ma ya tashi daga kujera ya koma bayan doguwar kujerar ya tsaya, wai daga nan ya fi ganin komai. Auta ya shiga gaba da gatari, wannan karon a hannun da ya iya ɗaga shi. Ni ina gefe ina jan hankalin dodon da kibiya. Wuta ta fara sauka. Jikin dutsen da bai taɓa nuna ya san muna yi ba ya soma ja. Yaya kuwa bakinsa bai huta ba, kai ka ce a tasha yake yana lodi: Auta kauce, ke matsa dama, kada ka sara tukuna bai nuna ba, yanzu, yanzu.

Can dodon ya make Auta ya durƙusa. Na ga Malam ya zaro 'yar wuƙar nan ya yi taku biyu zuwa gaba.

Ban juya ba na ce, "Yaya."

Na ji numfashinsa a bayana. Malam ya tsaya, ya mayar da wuƙar, ya koma inda yake. Fetur ɗinsa saura kaɗan, bai fi na jifa ɗaya ba, ko wuta ko garkuwa. Dodon ya ɗaga hannu biyu zai ƙarasa Auta, sai farin hasken nan ya sauka a kansa. Dukan ya sauka a banza. Auta ya miƙe ya sa gatari a tsagar da ke ƙirjin dodon, dutsen ya rabe ya zube cikin ruwa.

Ihun da na yi sai da maƙwabciyata ta aiko tambaya. Auta ya yi ta zagaye tebur da hannun gem a sama. Yaya yana bayan kujera yana share gumi da hularsa yana cewa ai tun farko ya san dabarar ke nan. Ba wanda ya musa masa, kuma ban taɓa jin daɗin ƙyale mutum da ƙaryarsa kamar ranar ba.

Da muka natsu sai muka ga akwatin da dodon ya bari. Ya buɗe, abu ɗaya ne a ciki: takobi mai tsawon ƙyauren ɗaki, yana walƙiya. Ba mu taɓa ganin makami irinsa ba. Maharbiyata ta ja da baya, jarumi ya ja da baya.

"Auta, ɗauka," in ji Yaya.

"A'a, Yaya, sai ka ɗauka."

"Na ce ka ɗauka."

Jarumin ya matsa har bakin akwatin ya tsaya. Ina kallon babban yatsan Auta a kan maɓalli, ya kasa dannawa. Mutumin da ya raba dutse biyu yanzun nan, ya kasa sa hannu a faranti kafin wansa. Ya girgiza kai yana 'yar dariyar kunya ya ce wallahi ba zai iya ba.

Yaya ya zagayo ya zauna. Malam ya tako a hankali ya ɗauki takobin. Ya ɗaga shi da ƙyar, ya wulwula sau ɗaya, ya sake wulwulawa, na ce a raina shi ke nan mun koma gidan jiya. Sai ya juya ya nufi jarumin ya miƙa masa.

Auta ya zame daga kujera ya durƙusa a kan kafet, ya riƙe hannun gem da hannu biyu kamar yadda ake karɓar abu daga babba, sannan ya danna.

"Na gode, Yaya. Allah ya ƙara girma."

Yaya bai dube shi ba, tagar falo yake kallo, yana ta ƙifta ido. Ni ma na sami abin gyarawa a ɗankwalina.

"Tashi," in ji shi. "Shiga gaba, ina bayanka."

Muka haye gadar, Auta a gaba, ni a tsakiya, Malam yana biye da sandarsa yana faɗa mu rage sauri.